Farin Takardar Ebba

Lindhult, 11 ga Agusta, 1958

Zuwa ga ɗana abin ƙaunata, Sixten,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gidan da ka sauka. Yaya Kiruna, yaya shirin komawa aji? Tarin da ka tafi da shi ya sake ka kuwa? Mu nan lafiya lau, sai godiya ga Allah. Gwiwata ta hagu ce dai take ta ƙorafi, ni kuma ba na sauraronta.

Wasiƙarka ta iso ran Alhamis. Na yi dariya da na zo inda kake tambaya ko har yanzu ina sa 'ya'yan mutane zanen aljanun hazo, aikin da a cewarka bangon ɗakin jarirai ya dace da shi. Ban ji haushi ba, don ba kai kaɗai kake wannan zato ba. Mutane da yawa suna ɗauka irin wannan zane wasan yara ne: a shafa shuɗi da kore, a ɗauko farin fenti a ɗora 'yan mata masu rawa a kai, shi ke nan. To bari malamar zane ta yi wa malamin lissafi darasi, tun da ka tsokano ni.

Fentin ruwa ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Kamar shayi yake a kan farin mayafin tebur, kana ƙara shi yana ƙara duhu, kuma ba ya komawa baya. Saboda haka duk farin da ka gani a zanen kirki, ba fenti ba ne, takardar ce tsirararta. Mai zanen ya bi ta gefe da buroshinsa, ya zana itatuwa da ciyawa da inuwa, ya bar aljanar bai taɓa ta ba. Tun kafin ya jiƙa buroshi dole ya san inda kowacce za ta tsaya. In hannunsa ya goce sau ɗaya, ta tafi ke nan.

In ka samu irin wannan zane a gabanka, kada ka fara da neman aljanun. Fara da ƙasa. Duba ko ciyawar ta yi kama da wadda za ta jiƙa maka takalmi, ko shingen ya karkace yadda shingen gaske yake karkacewa. In ka yarda da shingen, to ka kusa yarda da abin da ke bayansa. Daga nan ka duba ta ina haske ya shigo. Sai ka ja da baya kaɗan, ka bar idonka ya huta. Su da kansu za su fito.

Duk wannan surutu a kan Ebba nake yin sa, 'yar Helmer mai fentin gidaje. Ka san ta tana ƙarama da majina a hanci, yanzu shekararta goma sha takwas. Ka tuna fadamar bayan gidansu, inda kakarka ta ja kunnenka kada ka kuskura ka yi fitsari cikin zoben ciyawar nan, don wai filin rawar aljanu ne? Wannan fadamar Ebba ta zana, da asuba, hazo kwance a kanta. Mako uku ta yi tana aikin. Ranar da ta kawo mini na ƙirga masu rawa tara, da na sake dubawa na ga goma sha ɗaya, kuma babu wadda aka yi wa layi ko ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, ban taɓa riƙe aikin ɗalibi irin wannan ba sai ranar.

Makarantar zane ta Stockholm za mu aika wa. Zane ɗaya suke karɓa daga kowane mai nema, kuma dole ya isa kafin Litinin, ashirin da biyar ga wata. Ita da babanta sun yi alkawari a gabana: gwaji ɗaya. In an ɗauke ta, ta tafi da yardarsa. In ba a ɗauke ta ba, ta kama aikin shirya kofuna a kwali a masana'antar gilashi, inda aka riga aka ajiye mata gurbi. Ni dai ba na ko shakka.

Ka riƙa ɗaura gyalen wuyan da na saƙa maka, ko da abokan aikinka za su yi maka dariya. Ka gaida mai gidanku da matarsa.

Mahaifiyarka,
Ragna

Lindhult, 19 ga Agusta, 1958

Ɗana Sixten,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci a kan kari. Ni jikina lafiya, zuciyata ce dai ba daɗi. Zanen Ebba ya lalace.

Ran Asabar ta kai shi gida don iyayenta su gani, kuma Helmer ya ce zai haɗa masa akwatin katako mara kauri saboda kada ya lanƙwashe a hanya. Lahadi da safe Ebba da mahaifiyarta Signe suka tafi coci, shi ya tsaya a rumfar aikinsa yana awon zanen. Ka san Helmer. Tun yana saurayi yake bisa tsani, yana shafa wa gidajen garin nan ja, yana fitar da kusurwoyi da tagogi da fari, kuma babu abin da ya tsana irin ya hango wurin da buroshi ya tsallake. Ya dubi zanen ya ga gurabe birjik babu fenti. Ya buɗe akwatin fentin 'yarsa, ya ga shuɗi da rawaya da ja, babu fari ko ɗigo. Sai ya yanke wa kansa cewa farinta ne ya ƙare, kunya ta hana ta tambayarsa.

Ya ɗauko gwangwanin farin fentin mai, mafi kyawun da yake da shi, wanda ya ajiye don tagogin coci. Ya zaɓi ƙaramin buroshinsa. Ya zauna ya cike su ɗaya bayan ɗaya, har da gyara musu gefe tsaf.

Da yamma Ebba ta zo gidana da zanen, ko ƙwanƙwasa ƙofa ba ta yi ba. Ta ajiye shi a tebur ta juya baya. Sixten, masu rawar nan sun koma kamar kwalaben madara da aka jera a ciyawa. Man fentin kuma ya tsotsu cikin takardar, kowacce ta yi rawayan zobe, irin na takardar da aka naɗe man shanu. Babu soso ko wuƙar da za ta fitar da shi.

Ba a jima ba sai ga iyayen. Helmer ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsaya da hula a hannu. Ya ce, "Malama ta yi haƙuri. Ni dai ban so mutanen Stockholm su ce 'yar Helmer ta aiko da aikin da ba a gama ba." Signe kuwa ba ta raga masa ba. Ta ce, "Shekara ashirin ina roƙonka ka shafa wa ƙofar kicin ɗina fenti, kullum sai gobe. Ranar da hannunka ya tashi ƙaiƙayi, sai a kan abin yarinya." Ya ce, "Ai fentin mai kyau ne, Signe." Ta ce, "To sai ka aure shi."

Da wata rana ce da na yi dariya. Na dafa kofi, sau uku ina miƙa wa Helmer kafin ya karɓa, kuma har ya huce bai kai shi baki ba. Ebba ba ta dube shi ba, har yau kuma ba ta ce masa uffan ba.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba: laifin nawa ne. Shekara uku yarinyar nan tana hannuna. Na koya mata yadda ake barin fari, na rubuta maka shafi guda a kai makon jiya don kawai in burge ka, amma ban taɓa taka gidansu na zauna da mutumin da ya haife ta na nuna masa abin da take yi ba. Na ɗauka mai fentin bango ba zai damu ba. Ashe ya damu, har ya wuce inda ake so.

Motar gidan waya ta ƙarshe da za ta kai saƙo a kan lokaci tana tashi Juma'a da tsakar rana. Takarda mai kauri saura biyu gare mu, sabuwa kuma ba za ta iso daga birni kafin nan ba. Yau da safe Ebba ta zauna a ajina ta gwada sake zanen da ka. Ya fito a sandare kamar hoton kalanda, ita da kanta ta yaga shi. Saura ɗaya ke nan. Ta ce ba za ta taɓa ta ba sai ta ga hazo da idonta, ga shi tun jiya ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, hazo kuwa ba ya kwanciya a irin wannan yanayi.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida kowa.

Mahaifiyarka,
Ragna

Lindhult, 23 ga Agusta, 1958

Ɗana na kaina,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata kana lafiya. Na ga 'yar takardarka, na gode da lallashin, ko da yake shawararka ta a aika da wanda ya lalace tare da wasiƙar bayani shawarar malamin lissafi ce. Zauna ka ji yadda aka ƙare.

Laraba da yamma, ruwa na zuba, Helmer ya zo ya tsaya a ƙofata ya ƙi shigowa. Ya ce, "Malama ta gaya wa Ebba gobe da rana za a ɗauke ruwa, iska ta kwanta, sama ta yi garau. Juma'a da asuba fadama za ta cika." Na ce ya aka yi ya sani. Ya ce, "Wanda raɓa ta taɓa ɓata wa bangon coci guda ba ya sake kuskuren ranar zuwanta." Na ce to ya gaya mata da bakinsa mana. Ya ce, "Ai ni yanzu ko gishiri na ce a miƙo mini a tebur, ta hannun uwarta yake biyowa."

Yadda ya faɗa haka aka yi. Juma'a gari na fara wayewa na isa fadamar da takalman roba da butar kofi. Na tarar har Helmer ya kafa wa Ebba teburin aikinsa a gindin shinge, ya sa dutse a ƙarƙashin ƙafa ɗaya don kada ya yi girgiɗi. Ebba ta riga ta jiƙa takardar tun daren Alhamis ta manne ta a allo. Hazon kuwa ya kwanta har gwiwa, rana ta fara taɓa kan itatuwa, shi kuma yana tashi sili-sili yana juyawa a hankali. Na sha ganin wannan tun ina yarinya, amma ban taɓa ganinsa da agogo a zuciyata ba.

Ta fara da sama, ta sauko kan daji. A nan wahalar take. In takardar ta jiƙe da yawa, launi ya bazu ya cinye farin. In ta bushe, gefen ya yi kaifi kamar an yanka da almakashi, hazo kuma ba shi da kaifi. Akwai wani ɗan tsakani da ba ya daɗewa, kuma a cikin sanyin safiyar nan mai laima duk lissafin da ta saba da shi a aji ya rikice. Na ga ta ɗaga buroshi za ta sa duhun itatuwa. Ni kaina ban tabbata ba. Sai Helmer ya matso, ya kai bayan yatsunsa kusa da gefen takardar, ya karkata kai ya dubi ƙyallinta. Ya ce, "Tukuna." Ta tsaya, ba ta dube shi ba. Muka jira, ina jin kukan shanun maƙwabta. Can ya ce, "Yanzu." Ta sa.

Sixten, da ka ga yadda duhun nan ya tafi ya tsaya da kansa, da laushi, daidai inda kafaɗar mai rawa ta farko za ta kasance. Haka suka yi ta yi, shi yana tukuna da yanzu, ita tana zane. A karo na huɗu ita ce ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba: "Baba, ya yi?" Na juya na shiga zuba kofin da ba wanda ya nema.

Wajen ƙarfe takwas hazo ya watse, zanen kuma ya tsaya da ƙafarsa. Bai kai na farko yawan kaya ba. Shinge ne, da daji, da masu rawa shida ko bakwai, ɗaya ma rabinta kawai ake gani. Sai tsoro ya kama Ebba. Ta ce ya yi fayau da yawa, za su ce ba ta iya komai ba, bari ta fitar wa ta gaban da fuska da yatsu. Ta wanke ƙaramin buroshi ta ɗebo launi. Na buɗe baki ke nan, sai na ga Helmer ya riƙe mata wuyan hannu.

Ya ce, "Ajiye."

Ta ce, "Baba, yau kai ne mai cewa a bar wuri ba fenti?"

Ya ce, "Ni ne fa. Duk garin nan wa ya fi ni sanin yadda suke komawa in an taɓa su? Ga ta nan tana juyi, ina ganinta sarai. Kina yi mata hanci za ta zama 'yar maƙwabta."

Ta yi dariya har da hawaye, ta jefa buroshin cikin kwalbar ruwa. Muka zauna a kan shinge muka ci biredi mai kirfa da Signe ta aiko. Helmer ya zuba kofinsa a faranti, ya cije ƙwayar sukari yana kurɓa, wannan karon ba sai da na roƙe shi ba.

Ya hana a kai zanen kusa da murhu, ya ce zafi zai kumbura takardar. A inuwar rumfarsa ya bushe, ƙofofi biyu a buɗe. Sha biyu saura kwata muka miƙa akwatin ga direba, Helmer yana ta ja masa kunne kada ya ɗora buhun dankali a kai.

Yanzu sai jira. Ko me amsar ta zama, abin da na gani a fadamar nan ya ishe ni alfahari. Amma kada ka yarda da ni sosai, don kullum ina leƙen hanyar gidan waya.

Ka huta lafiya.

Mahaifiyarka,
Ragna

Lindhult, 20 ga Satumba, 1958

Ɗana Sixten,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan sanyin arewa bai fara gasa maka ba. Yaya ɗalibanka, sun fara gane rabawa? Mu nan kowa lafiya, ana ta haƙar dankali.

An ɗauki Ebba. Na so in ja maka rai sai ƙarshen shafi, na kasa.

Takardar ta zo jiya da hantsi. Ebba ba ta buɗe ba, ta biyo ta makaranta ta ɗauke ni, na bar 'yan aji uku da aikin zanen ganye, muka nufi coci inda babanta yake bisa tsani yana fama da tagogi. Ya sauko a hankali yana goge hannu a wando. A nan tsakar makabartar cocin ta farke ambulan. Mutum goma sha biyu suka ɗauka a bana, tana cikinsu, za ta fara ran ɗaya ga Oktoba. A ƙasan takardar, bayan abin da aka buga da keken rubutu, wani daga cikin malaman ya ƙara layi ɗaya da alƙalami: wai abin da ya fi burge su shi ne mai wannan zane ta san inda ake tsayawa.

Ebba ta karanta sau biyu. Ta miƙa wa babanta, ta ɗora yatsa a wurin ta ce, "Baba, wannan layin naka ne." Ya nemo tabarau, ya karanta yana motsa leɓe. Sannan ya ce, "Allah Ya rufa asiri ba su ga na farkon ba." Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji, har yanzu kuma Ebba ba ta samu ya mayar mata ba. An ce jiya kafin la'asar ya nuna wa mai shago, da direban motar gidan waya, da fasto, da wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya kawai. Da kansa ya je masana'antar gilashi ya ce su ba wata gurbin.

Ni ma ban fi shi ba. Yau sau biyu na je sayen zare, alhali ina da zare, don dai a tambaye ni. Na yi koyarwa shekaru masu yawa, yawancin abin da na shuka ban ga tsirarsa ba, kuma ban yi ƙorafi ba, haka aikinmu yake, kai ma za ka gani. Amma wannan na gan shi da idona, kuma zan yi ta ba da labarinsa har ku gaji da ni.

Akwai ƙunshi tafe a bayan wasiƙar nan. Takardu shida ne masu kauri, da buroshi ɗaya, da launi uku. Ka ce mini akwai kogi a bayan makarantarku. Wata safiyar Lahadi, kafin ƙanƙara ta rufe shi, ka fita da wuri ka zauna a bakinsa, ka daɗe kana kallo kafin ka jiƙa komai. Na farko zai lalace, na biyu ma haka, kada ka yaga su. In ka kai na uku ka aiko mini, ko yaya ya fito. Sauran ukun kuma ka raba wa yaran da ka ga sun fi kallon taga a aji, ka kuma je ka gaida iyayensu tun da wuri.

Signe tana gaishe ka, Helmer ma haka. Ebba ta ce in gaya maka za ta rubuto maka daga Stockholm. Allah Ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Ragna